Idan Na'urar Hannu Ta Ƙi Adana Bayanan Gona: Matsalar Kulle Rubutu da Yadda Ake Magance Ta

Gabatarwa

Littafin rajista da alƙalami su ne kayan aikin malamin gona a shekarun baya. Yanzu yawancin bayanan da ake tattarawa daga gonaki suna shiga ne ta wayar salula, ko ƙaramar kwamfuta ta hannu, ko na'urar GPS. Tun daga shirin raba taki da iri ta wayar salula da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2012, har zuwa ƙidayar aikin gona da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar a 2022 da na'urorin hannu, sunan manomi da girman gonarsa da abin da ya shuka duk sun koma cikin fayil. Wannan ci gaba ne, amma ya zo da nasa cikas. Malamin gona zai tashi daga Gwagwalada, ya wuni a Dobi ko Rubochi ko Yaba yana auna gonakin doya da masara, yana ɗaukar hoton ɓarnar tsutsa, sa'annan ya danna wurin adanawa, na'ura ta amsa masa da Turanci cewa "Read-only", ko "Write protected", ko "Cannot save file".

Abin da ke cikin hatsari a nan ya wuce fayil. Manomin da sunansa bai shiga rajista ba yana iya rasa rabon taki na wannan damina. Gwajin iri da aka yi wata huɗu ana kula da shi, idan awon girbinsa ya ɓace, sai a jira wata shekara, domin ba a girbe gona sau biyu. Wannan bayani an shirya shi ne don malamin gona da kuma manomin da ke amfani da waya, su gane inda matsalar take, su warware abin da zai warwaru, kuma kada su ƙara ɓarna da hannunsu.

Ma'anar saƙon

"Read-only" na nufin na'ura ta yarda ka buɗe abu ka duba, amma ba ta yarda ka rubuta a kansa, ko ka gyara, ko ka goge ba. Za mu kira shi kulle rubutu. Abin lura na farko shi ne, bayananka na baya suna nan, tun da har ana iya karanta su. Saboda haka babu dalilin gaggawa, kuma yawancin asarar da ake yi tana zuwa ne daga gaggawar gyara.

Abubuwa biyu ka guje musu kafin komai. Kada ka yi wa katin memori fomatin, ko da na'urar ce da kanta ta ba ka shawarar haka, domin fomatin share katin ne gaba ɗaya. Kuma kada ka cire manhajar tattara bayanai da niyyar sake sanya ta. Manhajoji irin su ODK Collect da KoboCollect suna ajiye fom-fom ɗinsu ne a wata folda ta kansu a cikin waya, kuma da zarar an cire manhajar, foldar za ta tafi da duk fom ɗin da ba a riga an aika ba. Haka ma danna "Clear data". Masu gyaran waya sukan fara da waɗannan biyun saboda su ne mafi sauƙi a wurinsu. Su waya suke gyarawa, ba su san nauyin abin da ke cikinta ba, don haka kai ne za ka hana.

Gano inda kullen yake

Kullen yana iya kasancewa a kan fayil ɗaya, ko a kan manhaja, ko a kan katin memori duka. Gwaji na minti biyu zai raba maka su. Buɗe kyamara ka ɗauki hoton komai, ka sa ya sauka a ma'ajiyar cikin waya. Daga nan ka shiga manhajar sarrafa fayil, ka gwada ƙirƙirar sabuwar folda a kan katin memori. Idan duka biyun sun yiwu, to waya lafiya lau take, kati ma haka, matsalar tana ga fayil ɗin ko manhajar da ta buɗe shi. Idan hoto ya sauka amma folda ta ƙi, kati ne. Idan ko hoton ma ya ƙi, duba yawan wurin da ya rage, domin cikar ma'ajiya ma tana hana adanawa, kuma mutane da yawa suna rikita ta da kulle rubutu. Bidiyon da ake turowa a rukunonin WhatsApp shi ne ya fi cinye wuri.

Idan fayil ɗin ne

Wannan shi ne ya fi yawa, kuma shi ne ya fi sauƙi. Shugaban shiyya zai turo takardar Excel ta WhatsApp ko imel a cike sunayen manoma. Malamin gona ya danna ta daga cikin saƙon, ta buɗe, ya yi ta shigar da suna, a ƙarshe ta ƙi adanuwa. Dalili kuwa, manhajar da ta karɓi saƙon aro kawai ta ba manhajar rubutu, aron dubawa ba na gyarawa ba. Maganinsa shi ne tun kafin ka rubuta harafi ɗaya, ka nemi "Save as" ko "Save a copy", ka ba fayil ɗin sabon suna, ka ajiye shi a foldar Documents, sa'annan ka rufe na saƙon ka ci gaba da aiki a kan kwafinka. Idan kuwa ka riga ka cike kafin ka lura, kada ka fita daga manhajar, a nan take ka yi kwafin, abin da ka rubuta zai bi shi.

Sunan da za ka ba fayil ya ƙunshi ƙauye da kwanan wata, misali Kwali_masara_12Yuli. Ka guji alamomi irin su / da : da ? da *, domin tsarin katin memori ba ya karɓar su a cikin suna, kuma saƙon da zai fito ba lallai ne ya gaya maka dalili ba.

Fayil ɗin da aka raba ta Google Drive kuma yana da matakin izini uku: mai dubawa, mai sharhi, da mai gyarawa. Idan a matsayin mai dubawa aka sa ka, babu wata dabara a wayarka da za ta buɗe shi. Kira wanda ya tura ya canza maka matsayi. Wani lokaci da gangan aka yi haka, don kada malamai talatin su riƙa rubutu a kan takarda ɗaya suna goge na juna.

Akwai kuma alamar kulle da fayil ke ɗauke da ita a jikinsa. Tsofaffin takardun ofis da aka kwafo daga faifan CD sukan zo da ita. A kan kwamfuta mai Windows, danna fayil ɗin da maɓallin dama na linzami, zaɓi Properties, cire alamar da ke gaban Read-only, ka danna OK. Shi ke nan.

Game da fom na ODK Collect da KoboCollect, a rarrabe abu biyu. Mai tsara fom yana iya kulle wasu gurabe da gangan, kamar lambar manomi ko jimillar da na'ura ke lissafawa da kanta, kuma wannan ba lalacewa ba ce. Sa'annan a sigogin da suka fito tun daga 2023, fom ɗin da ka danna masa "Finalize" ya tashi daga hannunka, ba ya gyaruwa sai idan masu shirin sun ba da wannan dama. Idan akwai abin da ya rage, misali ba a kawo buhunan da za a auna ba tukuna, ajiye shi a matsayin "Draft".

Idan manhaja ce ba ta da izini

Tsarin Android ya yi ta ƙara tsanani kan wace manhaja ce za ta yi rubutu a ina. A 2013, Android 4.4 ya hana manhajoji rubutu a katin memori sai a foldarsu kawai. A 2015, Android 6 ya kawo tsarin da waya ke tambayar ka izini a lokacin da manhaja ta buƙata. Android 10 na 2019 da Android 11 na 2020 suka ƙara killace kowace manhaja a ɗakinta. Sakamakon haka shi ne tsohuwar manhajar da ta yi shekaru tana aiki lafiya tana iya daina adanawa ranar da aka sauya waya ko aka sabunta tsarinta.

Yawancin mutane, idan waya ta jefo tambaya da Turanci suna tsakiyar aiki, sai su danna "Deny" don ta kauce musu. Gyaran ba wuya. Shiga Settings, sa'annan Apps, zaɓi manhajar, shiga Permissions, ka ba ta izinin ma'ajiya ko na hotuna, da na kyamara, da na wurin da kake idan ana auna gona da ita. Sunayen suna ɗan bambanta tsakanin Tecno da Infinix da Itel da Samsung, amma hanyar ɗaya ce. Idan manhajar ta buɗe maka allo tana neman ka nuna mata folda, zaɓi foldar ka danna "Use this folder" ko "Allow". Idan duk da haka ta ƙi, a sabunta ta, amma bayan an aika duk fom ɗin da ke ciki.

Na'urorin da hukuma ko wani shiri ya raba sukan zo a kulle daga ofis, ta yadda ba sa karɓar kati ko kebul. Wannan ba naka ba ne ka buɗe. Kai rahoto ga jami'in da ke kula da na'urorin, kada ka kai ta kasuwa a yi mata filashin.

Idan katin memori ne

A nan ne ya kamata a natsu, domin dalilan suna da yawa, kuma wani ya fi wani muni ƙwarai.

Babban katin SD, wanda ake sa wa kyamara da wasu kwamfutoci, yana da ɗan maɓalli a gefensa na hagu idan rubutun katin yana fuskantar ka. Idan an ja shi ƙasa, wajen da aka rubuta "Lock", kati ya kullu. Tura shi sama, wajen bakin da ke shiga na'ura. Ƙaramin kati na waya, wato microSD, ba shi da wannan maɓalli, amma adaftar da ake zura shi ciki don a sa a kwamfuta tana da shi. Abin sani a nan shi ne maɓallin ba a haɗe yake da komai a cikin katin ba. Ɗan roba ne kawai, na'urar da aka sa katin ita ce ke laluben inda yake tsaye ta yanke hukunci. Don haka idan ya yi sako-sako, yakan zame da kansa lokacin da ake tura katin, idan kuma ya karye ya faɗi, na'ura za ta ɗauka a kulle yake har abada. Ɗan salatif siriri da aka liƙa a kan gurbin yana maganin wannan na ɗan lokaci. Sabuwar adafta ta fi, kuma ba ta da tsada. Ƙurar hunturu ma takan toshe ramin katin ta hana shi lalube daidai, don haka a gwada wani ramin ko wani makarancin kati kafin a ɗora wa katin laifi.

Dalili na biyu shi ne rikicewar tsarin fayil. Kati yana da wani jadawali a cikinsa da ke nuna inda kowane fayil yake. Idan batir ya mutu ana tsakiyar rubutu, ko aka zare kati waya tana kunne, ko aka fizge kebul daga kwamfuta ba a sallame shi ba, jadawalin yakan rikice. Da waya ta lura da haka, sai ta mayar da katin na dubawa kawai, don kada sabon rubutu ya hau kan tsohon. Kariya ce take yi maka, ba ƙeta ba. Matakin farko shi ne kashe waya, a cire kati, a goge bakinsa da busasshen ƙyalle mai laushi, a mayar, a kunna. Idan bai saki ba, a kai shi kwamfuta, a kwafe duk abin da ke ciki zuwa wata folda, a buɗe wasu daga cikin fayilolin a tabbatar sun kwafu da gaske. Bayan haka, ba kafin haka ba, a danna katin da maɓallin dama, Properties, Tools, Check, a bar Windows ta gyara. Idan gyaran bai yi ba, yanzu ne lokacin fomatin, tun da kwafi yana hannu.

Sai dai a kula da wani abu. Tun daga Android 6, wasu wayoyi suna ba da zaɓin a haɗe kati da ma'ajiyar cikin waya. Katin da aka yi wa haka ana rufe shi da mabuɗin sirri na wannan wayar kaɗai. Kwamfuta ba za ta iya karanta shi ba, za ta ce a yi masa fomatin, kuma idan aka yarda komai ya tafi. Irin wannan kati a bar shi a cikin wayarsa, a kwafi bayanai ta kebul. A ganina, wayar aiki ba ta dace da wannan zaɓi ba sam, gara a bar kati a matsayin na cirewa.

Dalili na uku ƙwayar cutar kwamfuta ce. Wanda ya saba kai katinsa shagon buga takardu a sakatariyar ƙaramar hukuma ya san ta: ana dawowa sai a ga foldodi sun ɓace, an bar wasu gumaka masu ɗan kibiya a madadinsu. Fayilolin suna nan, ɓoye su aka yi aka kulle. Kada ka danna gumakan. A wanke katin da rigakafi a kwamfuta mai tsafta, sa'annan wanda ya iya ya yi amfani da umarnin attrib ya cire alamar ɓoyo da ta kulle. Don kauce wa wannan, tura takardar da za a buga ta waya, ka bar katinka a gida. Idan kuma dole ne babban kati ya shiga kwamfutar da ba ka yarda da ita ba, nan ne maɓallin "Lock" yake da amfani, kulle shi da kanka kafin ka miƙa.

Akwai kuma iyaka ta tsari. Katin da bai wuce gigabait 32 ba yakan zo da tsarin FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4. Dogon bidiyon ranar manoma yana iya ƙin kwafuwa ko da kati fayau yake. Katin da ya wuce 32 yana zuwa da tsarin exFAT, wanda ƙananan wayoyi masu maɓalli da tsofaffin na'urorin GPS da yawa ba su san shi ba. Manomin da ke son ajiye shirin noma na rediyo a ƙaramar wayarsa, katin 8 ko 16 ya ishe shi, kuma zai fi zama lafiya da ita.

Katin da ya zo ƙarshen rayuwarsa

Ƙwayoyin ajiya da ke cikin kati suna da iyakar yawan rubutu da gogewa da za su jure. Idan suka gaji, ko wani ɓangare ya lalace, katuna da yawa sukan kulle kansu daga ciki, kullen da ba ya buɗuwa. Alamarsa a bayyane take. Za ka goge fayil ka ga ya tafi, ka kashe waya ka kunna ka tarar ya dawo. Za ka ɗauki hoto, gobe babu shi. Fomatin zai ƙi, ko ya ce ya gama amma komai yana nan yadda yake. Kuma a kowace na'ura aka sa shi halinsa ɗaya ne.

Wannan kati ba ya gyaruwa, duk abin da mai shago zai ce. Dama ɗaya ya ba ka, ta kwashe kayanka, kuma ba a san tsawon lokacin da za ta ɗauka ba. Kwafe komai a ranar, fara da abin da ba ya maimaituwa, wato awon girbi da hotunan gwaji da layukan GPS, waƙoƙi da wa'azi su biyo baya. Tun da ba ya goguwa, sunayen manoma da lambobin wayarsu suna nan a kansa, saboda haka kada a ba yara ko a jefar da shi haka nan. A karya shi.

Jabun kati ɗan uwan wannan ne, har ya fi shi sharri, domin shi ba ya ba da saƙon gargaɗi. An rubuta masa 64 alhali ainihinsa bai kai haka ba. Zai yi aiki lafiya har ya cika ainihin girmansa, daga nan sai sababbin hotuna su riƙa fitowa a lalace, ko su hau kan tsofaffi. Araha mai yawa ita ce alamarsa ta farko. Ofishin shiyya da ya sayi katuna da yawa ya kamata ya gwada kowanne da manhajar kwamfuta irin H2testw, wadda ke cika katin da rubutu ta sake karantawa, kafin a raba wa malamai.

Kafin fita da kuma a gona

Daminar Babban Birnin Tarayya takan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma wasu hanyoyin ƙauyukan Abaji da Kuje da Kwali idan ruwa ya zauna ba a shiga su sau biyu a mako ɗaya. Saboda haka gwajin nan na minti biyu a yi shi a ofis da safe, ba a bakin gona ba. A cike fom ɗaya na gwaji a adana, a ɗauki hoto ɗaya, a duba wurin da ya rage, a tabbatar caji ya cika. Na'urar GPS a canza mata batir tun alamar tana saura, kada a bari ta mutu ana zagaya gona, kuma a adana layin kowace gona da sunanta da zarar an rufe zagaye. Da yamma, inda aka fara samun sabis a hanya, a tsaya a aika fom-fom ɗin ranar. Tara na mako guda a waya ɗaya ba dabara ba ce.

Idan matsalar ta same ka a tsakiyar aiki, fara da sauya wurin adanawa daga kati zuwa cikin waya, a cikin saitin kyamara ko na manhajar. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa ka ƙarasa wunin. Idan bai yi ba, kada ka rufe allon da ke ɗauke da abin da ka shigar. Ɗauki hoton allon, ko abokin aiki ya ɗauka da tasa wayar. Sa'annan ka koma ga littafi: sunan manomi, ƙauye, amfanin gona, nau'in iri, ranar shuka, da lambobi biyu na GPS kamar yadda suka fito, har da duk abin da ke bayan ɗigo. A yankin Abuja lamba ta farko takan fara da 8 ko 9, ta biyu kuma da 6 ko 7. Idan ka ga saɓanin haka, ka juya su ne, ko na'ura tana nuna wani tsarin awo daban, sai ka rubuta sunan tsarin a gefen shafi don wanda zai shigar da su a ofis.